Cocin St Giles na Edinbara da Batun Tsarkin Wurin Ibada

Cocin St Giles yana tsakiyar tsohon birnin Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotilan, a bakin titin da ake kira Royal Mile, wanda ya gangaro daga tsohuwar fadar da ke kan dutse har zuwa fadar Holyrood. Tun daga nesa ake gane shi da hasumiyarsa, wadda magina suka yi wa kai da duwatsu a siffar kambin sarauta a ƙarni na 15. Mabiya ɗariƙar Firesbiteriya a sassan duniya suna ɗaukarsa a matsayin tushensu, domin a cikinsa ne John Knox ya yi limanci lokacin da ƙasar ta fita daga ƙarƙashin Paparoma. A shekarar 2024 aka yi bikin cikarsa shekara 900. Tarihin wannan gini ya ginu ne a kan tambayoyi guda biyu da Kiristocin Sikotilan suka daɗe suna jayayya a kansu, har da zubar da jini: shin tsarkin ɗakin ibada yana jikin ginin ne ko yana ga jama'ar da ke taruwa a ciki, sannan wane ne ke da ikon faɗa a ji a cikinsa.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san tsarin ɗariƙar. A Firesbiteriya babu bishop. Kowace ikilisiya tana ƙarƙashin majalisar dattawa, wato fasto da wasu zaɓaɓɓun mutane daga cikin 'yan ikilisiya, waɗanda ake naɗawa domin kula da ibada da tarbiyya da taimakon mabukata. Sama da wannan akwai majalisar yanki, wadda ta haɗa fastoci da dattawan ikilisiyoyi da dama, sannan a ƙoli akwai Babban Taro na ƙasa, wanda ke zama a Edinbara a watan Mayun kowace shekara. Wanda ke jagorantar Babban Taron shekara ɗaya kawai yake yi ya sauka, kuma ba ya da ikon yanke hukunci shi kaɗai. A ƙa'ida duk fastoci matsayinsu ɗaya, faston St Giles bai fi na ƙaramin ƙauye a tsaunukan arewa ba ko da da taki ɗaya. Wannan tsari ne 'yan mishan na Sikotilan suka kai Kalaba a 1846, inda daga baya Mary Slessor ta yi aiki, kuma daga nan cocin Firesbiteriya na Nijeriya ya samo asali.

An kafa St Giles a wajajen 1124, a matsayin cocin Katolika na garin, aka sa masa sunan wani waliyyi da ya yi zaman kaɗaici a kudancin Faransa, wanda mutanen Turai na wancan zamani suke ɗauka a matsayin majiɓincin kutare da guragu. A 1385 rundunar Sarki Richard na Biyu na Ingila ta cinna wa Edinbara wuta, cocin ma bai tsira ba. Yawancin abin da ake gani a cikinsa a yau an gina shi ne bayan wannan gobara, sannu a hankali, da kuɗin attajirai da ƙungiyoyin masu sana'a. Maƙera da masaƙa da mahauta da sauransu, kowace ƙungiya tana da bagadenta da waliyyinta, tana biyan limamin da zai riƙa yi wa mamatanta addu'a. Zuwa tsakiyar ƙarni na 16 bagadan da ke ciki sun kai kimanin 50. A 1454 wani mai suna William Preston ya kawo wani ƙashin hannu daga Faransa da aka ce na waliyyin ne, ya ba cocin, hukumar gari kuma ta gina wani sashe na musamman don tunawa da shi. A 1467 Paparoma Paul na Biyu ya ɗaukaka matsayin cocin, aka ba shi tawagar limamai da shugabansu. A wannan zamani amsar tambayar farko a fili take ga kowa: an keɓe ginin, an shafe bagadansa da mai, akwai ƙashin waliyyi a ciki, saboda haka wurin kansa mai tsarki ne, kuma addu'ar da aka yi a cikinsa tana da fifiko.

Wannan fahimta ce 'yan gyaran addini suka tunkara gaba da gaba. John Knox tsohon limamin Katolika ne da ya koma Furotesta, ya yi wata 19 yana tuƙa jiragen ruwan Faransa a matsayin fursuna, daga baya ya zauna a Janiba inda ya ga yadda John Calvin ya tsara ikilisiya. Ya dawo gida a watan Mayun 1559, ya hau mumbarin St Giles a ranar 29 ga Yuni, mako guda bayan haka aka zaɓe shi faston garin. Dama tun kafin zuwansa gari ya ɗauki zafi, domin a 1558 wasu sun tarwatsa jerin gwanon da aka saba yi a ranar waliyyin, 1 ga Satumba. 'Yan Katolika sun sake karɓe cocin na 'yan watanni a ƙarshen 1559, amma a 1560 aka fitar da bagadai da gumaka gaba ɗaya, aka shafe bango da farar ƙasa, hukumar gari ta sayar da kayan azurfa da tufafin limamai. A watan Agustan shekarar majalisar dokokin ƙasar ta soke ikon Paparoma, ta hana sujadar Mas ta Katolika, ta amince da wata sabuwar takardar aƙida da Knox da wasu mutum biyar suka rubuta.

Takardar ta bayyana alamomi uku da ake gane ikilisiya ta gaskiya: wa'azin Maganar Allah ba tare da gurɓatawa ba, gudanar da baftisma da Jibin Ubangiji yadda ya kamata, da kuma ladabtar da masu laifi bisa adalci. Babu gini a cikin jerin. Daga baya takardar aƙida ta Westminster, wadda cocin Sikotilan ya karɓa a 1647, ta fito da abin fili, inda ta koyar da cewa a zamanin Bishara addu'a ba ta ɗaure da wani wuri, kuma wurin da aka yi ta ba ya ƙara mata karɓuwa. Hujjarsu tana cikin Linjilar Yohanna sura ta 4, a hirar Yesu da matar nan ta Samariya game da ko a kan dutse za a yi sujada ko a Urushalima. A ganinsu ɗakin ibada rumfa ce mai kare masu sauraron wa'azi daga ruwa da sanyi, darajarsa kuwa tana zuwa da jama'a tana tafiya da su. Mumbari ya maye gurbin bagade, aka daina amfani da kayan kiɗa, aka koma rera Zabura da baki kawai. Hatta Kirsimeti an yi watsi da shi saboda ba a ga umarninsa a Littafi Mai Tsarki ba, kuma bai zama ranar hutu a hukumance a Sikotilan ba sai a 1958. Knox kansa da ya rasu a watan Nuwamban 1572 an binne shi a maƙabartar da ke bayan cocin, wadda daga baya aka shafe aka yi fili. A yau wurin ajiye motoci ne, kuma ana nuna kabarin nasa a gurbi mai lamba 23. Mutumin da ya yi yaƙi da ziyarar kaburburan waliyyai ba zai yi ƙorafi a kan wannan ba.

Aƙidar ta haifar da sakamakon da ba lalle masu ita sun hango ba. Tun da ginin ba shi da wani tsarki na kansa, kuma muryar mai wa'azi ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshensa, sai hukumar gari ta shiga yanka shi da katangu kamar gidan gado da magada suka raba, kowa da ƙofarsa. An kai lokacin da ikilisiyoyi huɗu suke ibada a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowace da fastonta. Sauran kusurwoyi kuma aka mai da su abin da gari yake bukata. A lokuta daban-daban an yi kotu a ciki, an yi makaranta, an yi ofishin 'yan sanda, an ajiye injin kashe gobara, an ajiye na'urar fille kan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Wani ɗaki ya zama kurkuku, har aka sa masa sunan Sir John Gordon na Haddo, wanda aka tsare a ciki a 1644 kafin a kashe shi. A waje kuma 'yan tireda suka manna rumfunansu a jikin bango. Baƙon da ya zo daga ƙasar Katolika zai ga wannan a matsayin wulaƙanta ɗakin Allah, mutanen garin kuwa ba su ga laifinsa ba.

Tambaya ta biyu, ta iko, ita ta fi jawo jini. Sarakunan gidan Stuart sun so a ce akwai bishop-bishop, saboda sarki ke naɗa su, ta hannunsu kuma yake juya coci. Malaman Firesbiteriya suka ce Almasihu ne kaɗai shugaban ikilisiya. A 1596 ɗaya daga cikinsu, Andrew Melville, ya gaya wa Sarki James na Shida ido da ido cewa masarautu biyu ne a Sikotilan, kuma a ta Almasihu shi James ɗan ikilisiya ne kamar kowa. Ɗan James, wato Charles na Ɗaya, ya ƙi yarda da wannan. A 1633 ya ƙirƙiro wa Edinbara kujerar bishop, ya mai da St Giles mazauninta, ya sa aka rushe wasu katangun ciki. Sannan ya aiko da sabon littafin addu'a da aka tsara a bisa salon cocin Ingila, ba tare da an nemi yardar Babban Taro ko majalisar dokoki ba. Ranar Lahadi 23 ga Yulin 1637, da aka fara karanta littafin a St Giles, sai tarzoma ta ɓarke. Labarin da ya shahara a bakin jama'a shi ne wata 'yar kasuwa mai suna Jenny Geddes ce ta fara jifan mai karatun da kujerar da take zaune a kai. A ranar 28 ga Fabrairun 1638 aka fara sa hannu a kan Alkawarin Ƙasa, na ƙin waɗannan sauye-sauye na sarki, a cocin Greyfriars da ke kusa, a ƙarshen shekarar kuma Babban Taro ya zauna a Gilasgo ya soke muƙamin bishop. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun game Sikotilan da Ingila da Ayalan, har suka kai ga fille kan Charles a 1649.

Da ɗansa Charles na Biyu ya dawo kan gado a 1660, ya maido da bishop-bishop, aka kori ɗaruruwan fastoci daga ikilisiyoyinsu, mabiyansu suka koma yin sujada a daji da kan tsaunuka, sojoji suna farautarsu. Wasu daga cikin waɗanda aka kama bayan wani tawaye da suka yi a 1666 a cikin St Giles ɗin aka tsare su. Sai a 1689 aka sake soke muƙamin, a 1690 doka ta tabbatar da tsarin Firesbiteriya, yarjejeniyar haɗewa da Ingila ta 1707 kuma ta ba shi kariya. Ke nan St Giles ya zama mazaunin bishop sau biyu kawai, daga 1633 zuwa 1638 da kuma daga 1661 zuwa 1689. Duk da haka sunan "katidiral" ya bi shi har yau, alhali fiye da shekara 300 ke nan babu bishop a cikinsa.

Akwai abin lura a yadda cocin yake tunawa da wancan zamani. A ɓangare ɗaya akwai kabarin James Graham, Basaraken Montrose, wanda ya yi wa sarki yaƙi, aka rataye shi a 1650, aka kafe kansa a kan tsinin gidan yari da ke gefen cocin. A ɗaya ɓangaren akwai abin tunawa da babban abokin gabansa, Archibald Campbell na Argyll, jagoran masu Alkawari, wanda aka fille wa kai a 1661, aka kafe nasa kan a tsinin da aka sauke na Montrose. An gina abubuwan tunawar biyu a ƙarshen ƙarni na 19, kuma cocin bai zaɓi gwani a tsakaninsu ba.

Ƙarni na 19 ne ya sake wa ginin kama. An rushe gidan yarin da rumfunan da suka toshe titi a 1817. Tsakanin 1829 da 1833 masanin gini William Burn ya lulluɓe bayan cocin da sababbin duwatsu masu santsi, aikin da masana tarihi da yawa suke kukan cewa ya shafe tsofaffin alamomi, hasumiyar ce kawai ta kuɓuta. Babban aikin kuwa na William Chambers ne, mai kamfanin ɗab'i kuma tsohon shugaban hukumar birnin, wanda ya jagoranci gyaran ciki daga 1872 zuwa 1883, yawanci da kuɗin aljihunsa. Shi ya sa aka rushe katangun da suka raba ginin, ya koma fili ɗaya kamar yadda yake kafin zamanin Knox. Burinsa shi ne Sikotilan ta samu irin abin da Ingila take da shi a Westminster, wato wurin da al'umma za ta riƙa tunawa da manyanta. Ya rasu kwana uku kafin a sake buɗe cocin a ranar 23 ga Mayun 1883. A wannan zamani ne kayan kiɗa suka dawo, tagogi masu zanen launi suka dawo, mutum-mutumi suka dawo, har da na Knox ɗin kansa, wanda aka ƙera da tagulla a farkon ƙarni na 20. Masu tsattsauran ra'ayi sun ga wannan a matsayin komawa gidan jiya. Masu gyaran suka ce ado bai zama bautar gumaka ba matuƙar ba wanda ya durƙusa masa, kuma wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye. Ba a canza aƙidar a rubuce ba, amma a aikace an amince cewa kyan wuri yana taimakon zuciya, ko da bai ƙara wa addu'a karɓuwa ba.

A 1911 aka kammala wani ƙaramin ɗakin sujada a kusurwar kudu maso gabas, wanda Robert Lorimer ya zana domin ƙungiyar jarumai ta Thistle, lambar girma mafi daraja a Sikotilan, mai mutum 16 ban da sarki da 'yan gidansa. Sassaƙar itacen da ke ciki ta shahara, musamman mala'ikun da ke busa algaitar jaka ta mutanen ƙasar. A sauran sassan cocin akwai allunan tunawa da sojoji da likitoci da marubuta, ciki har da Robert Louis Stevenson, akwai babbar tagar da aka sa a 1985 don mawaƙi Robert Burns, akwai kuma kujerar tagulla mai ƙafa uku da aka ajiye a 1992 don tunawa da Jenny Geddes. A shekarar ne kuma aka kafa babban molon bututu da kamfanin Rieger na Ostiriya ya ƙera. Gyaran da ya fi ma'ana ta fuskar aƙida shi ne na zamanin Fasto Gilleasbuig Macmillan, wanda ya yi limanci daga 1973 zuwa 2013: an ɗauko teburin Jibin Ubangiji daga ƙarshen gini aka kawo shi tsakiya, ƙarƙashin hasumiya, yadda jama'a za su kewaye shi ta kowace fuska.

Dangantaka da sarauta ta daidaita a kan wani tsari da ba a cika samun irinsa ba. Dokar 1921 ta amince cewa cocin Sikotilan coci ne na ƙasa, amma gwamnati ba ta da hannu a al'amuransa na ruhaniya. Sarkin Birtaniya shi ne shugaban cocin Ingila, amma idan ya tsallako Sikotilan ba shi da wannan matsayi. Yana rantsuwar kare tsarin Firesbiteriya da zarar ya hau gado, yana aika wakili zuwa Babban Taro, wakilin kuwa kallo yake yi, ba ya jefa ƙuri'a. Abin da Melville ya faɗa wa James ya zama doka bayan fiye da shekara 300. A kan wannan sharaɗi St Giles yake karɓar bukukuwan ƙasa. Nan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta halarci sujadar godiya a watan Yunin 1953 bayan naɗinta. Da ta rasu a Balmoral a ranar 8 ga Satumban 2022, nan aka ajiye gawarta a ranakun 12 da 13 ga watan, mutum kimanin 33,000 suka bi layi suka wuce ta gabanta. A ranar 5 ga Yulin 2023 aka gabatar wa Sarki Charles na Uku da kambi da sandar sarautar Sikotilan a cikinsa, ba tare da an ɗora masa kambin a ka ba. Haka nan ana yin sujada ta musamman a nan idan sabuwar majalisar dokokin Sikotilan za ta fara zama, inda ake gayyatar shugabannin wasu addinai.

A rayuwar yau da kullum, St Giles ikilisiyar unguwa ce mai fastonta da dattawanta, maza da mata, tun da cocin Sikotilan ya buɗe wa mata ƙofar zama dattawa a 1966 da ta zama fastoci a 1968. Ana sujada da Jibin Ubangiji ranar Lahadi, ana gajeriyar addu'a da tsakar rana a ranakun mako, ana kuma shirya kiɗa da waƙoƙi da yammacin Lahadi. Amma masu ibada 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da masu yawon buɗe ido, waɗanda suke haura miliyan ɗaya a shekara, musamman a watan Agusta lokacin da bukukuwan wasanni suke cika titin. Gudummawarsu da cinikin shagon tsaraba da hayar wurin don kiɗe-kiɗe suna cikin abin da ake riƙe ginin da shi, domin dutse mai shekara 600 ba ya daina cin kuɗi.

A nan tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar fuska. Wasu suna ganin mai da ɗakin ibada wurin ɗaukar hoto da ciniki ya yi kama da abin da Yesu ya kora daga Haikali. Amsar Firesbiteriya ita ce tun da tsarkin ba a dutse yake ba, mai ɗaukar hoto bai ƙazantar da komai ba, kamar yadda injin kashe gobara bai ƙazantar ba a da. Wannan amsa tana da ƙarfi, sai dai tana da wani kaifi da ke juyowa kan masu ita. Idan ikilisiya ita ce jama'ar da ke taruwa, to ranar da jama'ar suka ƙare babu abin da ya rage sai gidan tarihi, komai kyansa. Ɗan Katolika yana iya cewa cocin da ba kowa a cikinsa yana nan da tsarkinsa, ɗan Firesbiteriya ba shi da wannan mafaka.

Alƙaluma kuwa ba su da daɗin ji. A tsakiyar shekarun 1950 'yan cocin Sikotilan masu rajista sun kai kimanin miliyan 1.3, zuwa 2022 sun ragu ƙasa da 300,000, kuma hukumar cocin tana haɗe ikilisiyoyi tana sayar da gine-gine da dama. St Giles ba ya cikin waɗanda ake fargabar rufewa, saboda matsayinsa a tarihi da yawan baƙinsa sun tsare shi, wato abubuwan da Knox bai lissafa cikin alamomin ikilisiya ba. A ƙidayar jama'a ta 2001 kashi 42 cikin ɗari na mutanen Sikotilan sun ce su 'yan wannan coci ne. A ta 2022 adadin ya sauko zuwa kashi 20, yayin da kashi 51 suka ce ba su da addini.